Layin da Auta Ya Goge

Ranar Talata ce, tun asuba ake tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin falon Yaya na kwano ne, sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji abin da yake faɗa. Yaya na kishingiɗe a doguwar kujera, idonsa na dama a naɗe da bandeji, na hagu a bayan baƙin tabarau. Shekaranjiya aka yi masa aikin ido, likita kuma ya kafa masa doka: ba sunkuyawa, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba kallon waya ko kwamfuta har sai ya ba da izini. Mutumin da abincinsa ke cikin kwamfuta aka gaya wa haka.

Shi ya sa aikin ya faɗo hannun Auta, ƙaninsa.

Auta bai gama sakandare ba. Ya taɓa gyaran waya, ya taɓa aski, ya ɗan yi kai saƙo a babur, kowanne da ya fara iyawa sai ya ji ya fita daga ransa. Rubuta manhaja ne kaɗai ya riƙe shi. A gefen Yaya ya koya, yana leƙe yana tambaya har ana korarsa. Ko a nan ɗin ma, in yana zaune ƙafarsa ba ta daina kaɗawa.

Manhajar da za a taɓa ta injin ƙyanƙyasar Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinsu mai kiwon kaji. Yaya ne ya rubuta mata ita shekarun baya. Tana cikin wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka girma ba, an manna ta a bayan injin. Ita ke kula da zafi da danshi, ita kuma ke sa tiren ƙwai su karkata zuwa ɗaya gefen duk bayan awa guda, kamar yadda kaza ke juya ƙwanta in tana kwanci. Daga falon Yaya ana iya shiga cikinta ta intanet. A ranar babu ƙwai ko ɗaya a injin, shi ya sa Yaya ya ce yau ce ranar gyara.

"Abu biyu ne," in ji Yaya, fuskarsa na kallon silin. "Ka ga layukan da ke saman kowane fayil, inda muke kiran laburaren nan, guntayen manhajar da muka aro a wajen mutane? Uku daga ciki masu su sun daina kula da su. Shi ne rawayen gargaɗin nan da ke fitowa kullum. Ka sauya su da sababbi. Na biyu, log ɗin nan ya zama bola. Ka share shi, ka bar abin da mutum zai karanta ya gane."

Log shi ne fayil ɗin da manhaja ke rubuta duk abin da ta yi, layi bayan layi, don in abu ya lalace a bi sawu. Nasu kuwa ya cika da tarkacen da Yaya ya riƙa zubawa tun yana gwaje-gwaje, har abin da ake nema ya ɓace a ciki.

"Kuma duk abin da ka canza ka karanta mini, in ji da kunnena."

Matar Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Auta ne zai zauna wuri ɗaya har ya gama aiki? Bari in kawo igiya in ɗaure shi a kujerar."

"Anti, ke dai kawo shayi."

"Sai ka gama, ƙaramin maigida. Ba na biyan lebura kafin aiki."

Laburaren ne suka ba Auta tsoro. Sababbin ba sa amsa kira irin na tsofaffin, wani ya canza suna, wani yana son a miƙa masa abu ta wata hanya daban. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar ruwa, Yaya na cewa "tsaya, maimaita," ko "a'a, wannan koma baya." Suka yi ta yi har azahar ta wuce. Da aka kunna gwaje-gwajen da Yaya ya tanada, duk suka fito kore, alamar komai lafiya, rawayen gargaɗin kuma ya ɓace. Auta ya yi ajiyar zuciya. A ganinsa an haye kogin, abin da ya rage taka tudu ne.

Shara kuwa daɗi ta yi masa. Ya kwashe layukan da ke maimaita kansu, ya raba saƙonni gida-gida: na labari, na gargaɗi, na matsala. A cikin tarkacen akwai wani layi da ya fi kowanne ba shi haushi. Kowane minti manhajar sai ta rubuta "ina nan". Ba zafi, ba danshi, ba komai, "ina nan" kawai, dubu bisa dubu, sai ka yi ta gangarawa kafin ka ga magana mai amfani. Ya duba ko akwai wani wuri a cikin manhajar da ke amfani da shi, bai ga ko ɗaya ba. Ya goge shi.

Lokacin Anti ta ɗiga wa Yaya magani, idon na yi masa zogi, ya dafe goshi.

"Log ɗin fa?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Auta ya kalli canje-canjen. Sun fi shafi biyar. Ruwa ya tsagaita, abokansa kuma sun kira shi sau biyu.

"Shara kawai na yi, Yaya. Ba abin da ya taɓa aiki."

"Ka tabbata?"

"Gwaji ya wuce. Kore shar."

"To, tura."

Ya tura sabuwar manhajar zuwa injin Gwaggo. Ya tsaya 'yan mintuna yana kallon allon da ke nuna zafi da danshi, duka biyun suna inda ya kamata. Ya rufe kwamfutar, ya kurɓe shayinsa a tsaye, ya fice.

Kwana biyu bayan nan karnuka suka shiga akurkin Gwaggo. Ruwan ya zaftare gindin katangar baya, suka samu kafa. Kafin maƙwabta su kawo ɗauki sun gama ɓarna. Ba kajin kasuwa ba ne. Wasu jajayen kaji ne masu gajerun ƙafafu da Gwaggo ta daɗe tana tacewa da hannunta, tana haɗa wannan zakara da waccan kaza, har ta samu irin da ba sa daina ƙwai ko ana zafin da ya fi kowanne. Ba wanda ke da su sai ita. Ba a bar ko ɗaya da rai ba, har zakarun.

Abin da ya rage shi ne ƙwan da suka saka a satinsu na ƙarshe, kusan ɗari biyu, a jere a ɗakin ajiya. A ranar, ko hawayenta bai bushe ba, ta zuba su a inji ta rufe. In sun fito, irin ya tsira. In ba su fito ba, shi ke nan.

Auta ya je jaje, ya taya ta toshe katangar. Kowace safiya kuma yakan buɗe allon a wayarsa ya gaya wa Yaya, "Zafi daidai, danshi daidai." Yaya ya ce madalla.

Sati ɗaya da 'yan kwanaki suka wuce. Ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta zo duba Yaya, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, ta rame amma tana ta ƙoƙarin raha.

"Injiniya, har yanzu kana cikin duhu? Matarka ta samu yadda take so, ko ta ƙona miya ba ka gani."

"Hanci na aiki, Gwaggo."

"Kai kuma sarkin yawo," ta juyo wajen Auta, "an ce kai ka yi mini gyaran nan. Allah ya yi maka albarka. Ka san kukan nan da injin ke yi, ƙiiii, kamar ana jan tsohuwar ƙofa? Shekara da shekaru yana tashina daga barci. Tun da ka sa hannu ban ƙara jinsa ba. Tsit. Na ce ashe yaron nan ya fi yayansa."

Ta yi dariya, Anti ta taya ta. Auta ma ya buɗe baki zai yi, sai ya fasa. Ya san kukan. Ƙarfen da ke karkata tiren ne ke yinsa, duk lokacin da ya juya. Shi kuwa bai taɓa ƙarfe ba, bai ɗiga mai ba, ko kusa da bayan injin bai je ba.

Ya saci kallon Yaya. Yaya bai motsa ba. Hannunsa da ke wasa da bakin matashi ne kawai ya tsaya cak.

"Gwaggo, kin buɗe injin tun da kika zuba?" Yaya ya tambaya, kamar hira.

"Ni? Ba kai ka ce kada in riƙa buɗewa ba, zafi na fita? Ta gilashi nake leƙawa. Suna nan lafiya lau, a karkace."

Ta ƙara ɗan zama, aka yi zancen tsadar dusa da na wata maƙwabciya da ta haihu. Auta bai ji ko kalma ɗaya ba. Da ta miƙe, ya raka ta bakin titi ta hau mota, ya dawo yana jan ƙafa. A bakin ƙofar falo ya tsaya. Ya ji kamar ya wuce kawai, ya bi titin nan har inda ya ƙare.

"Auta." Yaya bai ɗaga murya ba. "Ɗauko kwamfutar."

Ya ɗauko. Sau biyu yana kuskure kalmar sirri.

"Laburaren ne," ya ce da sauri. "Wataƙila sabon na ƙarfen ne bai karɓa ba. Bari in duba."

"Na ji laburaren da kunnena. Buɗe log. Karanta."

Log ɗin ya buɗe fes, ba tarkace, kamar ɗakin da aka share don baƙo. Auta ya karanta layin ƙarshe.

"Na tashi."

"Na samansa?"

"Na tashi."

"Ci gaba."

"Na tashi. Na tashi." Auta ya haura sama, shafi bayan shafi, magana ɗaya ce. Manhajar takan rubuta haka ne sau ɗaya tak, lokacin da aka kunna ta. "Yaya, duk haka ne. Wa ke kashe ta?"

"Minti nawa ne tsakaninsu?"

"Goma. Goma-goma."

Yaya ya ja dogon numfashi ta hanci. "Nemo mini inda ta ce ta juya tire."

Auta ya nema. Na ƙarshe ranar Talatar nan ne, kafin ya tura gyaransa. Bayan shi babu.

"Karanta mini abin da ka goge. Duka. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Ya fara karantawa. Anti ta fito daga kicin ta tsaya jikin bango. Ya wuce shafi na farko, ya wuce na biyu. A tsakiyar na uku ya ce, "Sai wannan mai cewa ina nan," sai Yaya ya yunƙura zai tashi, hannunsa ya kai kan tabarau.

"Wallahi ba ka isa ba," Anti ta riƙe hannun. "Idon ne kake so ka ƙara a kan kajin? Kwanta."

Ya koma ya kwanta, ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Na duba, Yaya. Na rantse na duba. Ba abin da ke amfani da shi."

"A cikin manhajar babu. Maigadi ba a cikinta yake ba."

"Wane maigadi?"

Yaya ya yi bayani a gajarce, kamar kowace kalma na yi masa nauyi. Wata shekara manhajar ta taɓa sandarewa bayan an ɗauke wuta, zafi ya sauka ba wanda ya sani. Sai ya rubuta wani ɗan shiri daban, yana tsaye a ɗakin injin, ya ajiye shi a cikin 'yar kwamfutar, ya sa masa suna Maigadi. Aikinsa ɗaya ne: ya riƙa leƙa log. In aka yi minti goma ba a rubuta komai ba, sai ya ɗauka manhajar ta mutu, ya kashe ta ya sake kunnawa. "Ina nan" ɗin nan da shi take magana. Yanzu da ta yi shiru, kowane minti goma sai ya kashe ta. Zafi da danshi ba su nuna ba, don da ta farka take kama su. Juyawa kuwa sai ta ƙirga awa guda cif daga tashinta. Ba a taɓa barinta ta kai ba.

"Ban kawo shi cikin sauran fayilolin ba," Yaya ya ce. "Da ka karanta mini, da na tuna."

Auta ya san abin da rashin juyawa ke yi, ya sha jin Gwaggo na faɗa. Ɗan da ke cikin ƙwai yakan manne a jikin ɓawo in an bar shi gefe ɗaya, kuma satin farko ya fi kowanne haɗari. Satin farkon ne ya wuce.

Mayar da layin bai ɗauki komai ba. Ya rubuta, ya karanta wa Yaya sau biyu, ya tura. Suka jira. Bayan minti ɗaya log ya ce "ina nan". Bayan wani ya sake.

Auta ya juyo wajen Yaya. "Yaya, yanzu ai zai ci gaba da juyawa. In ta ji kukan ya dawo, sai mu ce gyaran ne bai riƙe ba."

Anti ta kalle shi, ta kau da kai.

"Sai ranar ƙyanƙyasa ta zauna tana tunanin me ta yi ba daidai ba?" in ji Yaya. "Bar wannan ma. Waɗanda suka mutu suna ciki suna ruɓewa a cikin zafi. In baragurbi ɗaya ya fashe, zai kashe masu ran da ke kusa da shi. Dole a haska su yau a fitar da matattu. Ni ba ni da ido. Kuma ba a waya za ta ji ba."

Ya ari babur ɗin maƙwabci. Hadari ya sake haɗowa, iska na kwasar ledoji tana watsawa a titi. A mahaɗar hanya danja ta tsayar da shi, ya tsaya yana kallon hanyar hagu, wadda ke fita gari. Ya san yadda ake yi. Haka ya bar shagon waya ranar da ya fasa gilashin wayar wani, haka ya bar shagon aski, ba sallama. Na bayansa ya danna masa oda, ya zabura, ya miƙe hanyar gidan Gwaggo.

Ya same ta a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba. Akurkin na nan wayam, har yanzu akwai jajayen gashi maƙale a jikin waya.

"Lafiya? Me na manta?"

"Ba ki manta komai ba, Gwaggo."

"To me ya faru? Idon ne?"

"A'a."

Duk maganar da ya shirya a hanya ta watse. Suna tsaye haka, daga ɗakin injin sai ga kukan, ƙiiii, dogo, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Gwaggo ta juya ta kalli ɗakin, ta juyo ta kalle shi. Ya ga lokacin da abin ya sauka a fuskarta. Ita ta san kaji fiye da kowa, abin da bai taɓa zuwa ranta ba shi ne kukan da juyawar abu ɗaya ne.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zuba."

"Ko sau ɗaya?"

Ya girgiza kai. "Ni ne, Gwaggo. Wani layi na goge."

Ya jira ta yi ihu, ko ta zage shi, ko ta ɗaga hannu. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta cire mayafinta ta rataye a igiyar shanya, a hankali, har tana gyara masa zama.

"Na yi ta sa maka albarka," ta ce, ba shi take kallo ba. Sannan ta ce, "Wanke hannunka da sabulu. Ɗauko bokiti."

Ɗakin injin ƙarami ne, taga ɗaya, yana warin ɗumi da maganin wanke ƙasa. Ta rufe tagar, ta toshe ƙasan ƙofa da buhu, duhu ya rufe su da rana tsaka. Fitilar 'yar kwamfutar kaɗai ke ƙyaftawa a bayan injin. Ta zaro tire na farko, ta kunna tocila, ta kafa bakinta a gindin ƙwai. Ƙwan ya yi ja kamar garwashi.

"Matso ka gani, tunda kai ka yi."

Ya matso. A ciki akwai jijiyoyi sirara sun bazu kamar saiwa, da wani baƙin ɗigo a tsakiya. Ɗigon ya motsa.

"Wannan yana da rai." Ta mayar da shi a hankali. Ta ɗauki na biyu. Ba jijiya, sai wani jan zobe da ya kewaye cikin, da ɗan tabo a manne a gefe ɗaya. Ba ta yi bayani ba. Ta miƙa masa, ya sa a bokiti. Da ɗuminsa.

Na uku bokiti. Na huɗu bokiti. Na biyar ta daɗe tana juya shi a kan hasken, ta kai shi kusa da ido, ta mayar da shi tire. Auta ya daina numfashi duk lokacin da ta ɗaga sabo. Ya fara yi wa kansa alkawura a zuci, irin waɗanda mutum ke yi in ya ga abin ya fi ƙarfinsa. A waje ruwa ya sauko, yana dukan tagar. Bokitin na ƙara nauyi a hannunsa, ya ji tsoron ajiye shi ƙasa kada ƙarar ta sa ta juyo.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Hannunka na rawa, za ka fasa mini su a ɗaki."

Da suka gama ta mayar da tiren ƙarshe ta rufe injin. Waɗanda suka rage sun fi rabi da kaɗan. Auta ya ji wani abu ya ɗan saki a ƙirjinsa.

"Gwaggo, ai da saura da yawa."

"Yau suna da rai," ta ce. "Fitowa daban ce. Wanda ya kwanta ba daidai ba zai girma har ya cika ƙwan, ranar fita ya rasa ta inda zai fasa." Ta buɗe taga. "Je ka haƙa rami a bayan akurki. Mai zurfi, saboda karnuka."

Kwanakin da suka rage Auta bai je ko'ina ba. Da safe ya ɗiga wa Yaya magani, ya wuce gidan Gwaggo, ya zauna a kan wani tsohon buhun dusa a ƙofar ɗakin injin. Allon wayarsa na cewa komai daidai, shi kuwa ya daina yarda da allo. Kukan yake jira. In awa ta kusa cika sai zuciyarsa ta fara bugawa, in ƙarfen ya yi ƙiiii sai ya saki numfashi, ya fara jiran na gaba. Abokansa suka kira har suka gaji. Gwaggo takan ajiye masa abinci a gefe ta wuce. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma yi masa hira ba. Sau ɗaya ta tsaya a kansa ta ce, "Zamanka ba ya juya su," ta tafi, shi kuma bai tashi ba.

A falon Yaya suka kawo Maigadi cikin sauran fayilolin, suka sa manhajar ta riƙa tuna lokacin da ta juya na ƙarshe ko an kashe ta. Auta ya karanta kowane layi da ƙarfi, har da waɗanda bai taɓa ba. Yaya bai sake tayar da maganar ba, wannan ma wani nauyin ne.

Da sati uku suka kusa cika, aka tsayar da juyawa kamar yadda aka saba, aka kwantar da ƙwan a tiren ƙyanƙyasa. Ranar da ake sa rai, tun safe Gwaggo ta jawo kujera gaban gilashin. Auta na tsaye a bayanta. Can sai wani ƙwai ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Kafin azahar ɗan tsako na farko ya faɗo, jiƙe sharkaf, ja kamar uwarsa. Wasu suka biyo shi, nan ɗaya can ɗaya. Da yawa sun huda ɓawon suka tsaya a nan, ana ganin bakin na buɗewa yana rufewa, har ya daina. Mafi yawa ko tsagewa ba su yi ba. Gwaggo ta ƙara musu kwana biyu, tana kara kunne a jikin gilashi. Daga nan ta kashe injin da hannunta.

A bayan akurki suka zauna, ita tana fasawa tana dubawa, shi yana rubutawa a wayarsa don Yaya ya ce a kawo masa lissafi.

Ƙwai ɗari da tamanin da shida aka zuba. Goma sha tara dama ba ɗa a cikinsu. Saba'in da ɗaya sun mutu tun suna jini. Hamsin da takwas sun girma sun cika ƙwai, da gashinsu da ƙafafunsu, suka mutu ba su fito ba. Talatin da takwas suka fito, tara a cikinsu da karkatattun ƙafafu, ba su kai sati ba.